Shaidar Malam Hoan

"Cire sunan tsohon nan, Yaya. Ko ka cire shi, ko ni in ɗauki waya in kira shi da kaina."

Goggo Tam ta dakata da tsinkar na'ana'a. Abin da ya raba kicin ɗinta da ɗakin 'yan hayarta sunan bango kawai gare shi. Allo ne da fenti, marigayi mijinta ya kafa shi da hannunsa lokacin da ya mayar da gareji ɗakin kwana, shi kuwa mutumin kirki ne amma ba kafinta ba. Ta cikin allon nan take jin tarinsu, da huci na tukunyar shinkafarsu, da dariyarsu in sun yi. Faɗa ne dai ba ta taɓa ji ba sai wannan yammacin.

Muryar Nhai ce, matar ɗan hayar; mijin nata take kira Yaya. Tana cewa da kunnenta ta ji matar kamfanin tana ba shi haƙuri a waya, ta ce sun so ɗaukarsa, amma mutumin da ya ba su a matsayin mai shaidar aikinsa ya ce har yanzu yaro ne, yana da gaggawa, sai an riƙa sa masa ido.

"Yaro, Yaya. Kai da furfura ta fara leƙowa ta gefen kunne."

Tiep, mijin, ya amsa can ƙasa-ƙasa, sai da Goggo Tam ta matsa da kujerarta. Cewa ya yi ai haka ake faɗa.

"A can ake faɗa haka. Nan fa? Ni dai na gaji da wankin riga mai warin kifi."

Sai ƙarar famfo. Goggo Tam ta san kwanukan nan an wanke su tun rana. Tiep ne ke sake wanke su.

Bui Quang Tiep injiniya ne, irin masu gina ganuwar da ke tare teku kada ya haye gonakin shinkafa. Mutumin Hai Phong ne, can arewacin ƙasarsu, ɗan wani mai fito da kwalekwale wanda ya rasu yaron na shekarar farko a jami'a. Da tuni ya koma bakin kogi ya gaji sandar fiton ubansa, ba don Malam Hoan ba. Malamin ya lura da ɗalibin da ke zama a aji lokacin cin abinci yana yi kamar karatu ya sha masa kai, sai ya fara aikensa gida da wasu takardu daidai lokacin da matarsa ke sauke tukunya. Ya ba shi tsohon kekensa. Da ya gama, ya sa masa tebur a ofishinsa, kusa da taga. Ranar neman auren Nhai, Malam Hoan ne ya shige gaban masu ɗauke da tirarrukan shayi da giya, shi ya yi magana a madadin uba. Abin da ya faɗa wa iyayen yarinya kuwa har yau Nhai na iya maimaita shi: wannan yaron namu ba shi da wayo sosai, ga taurin kai, sai dai ku taimaka ku ƙarasa mana tarbiyyarsa. Kowa ya yi murmushi, aka zuba shayi. Ba wanda ya ɗauki maganar a bakin ma'anarta. Mutum ba ya yabon nasa a gaban baƙi; yana ƙasƙantar da shi, su baƙin su ɗaga.

Ostiraliya kuwa ta ƙofar masu ilimi suka shigo ta, a jirgin sama, da takardu masu hatimi. Hukumar injiniyoyi ta duba takardun ta ce sun yi. Sai dai takarda ba ta shiga intabiyu a madadin mutum. A shekarar farko Tiep ya sha faɗuwa tun daga bakin ƙofa: ya rusuna, ya miƙa hannu biyu, ya kafe idonsa a kan tebur, in an tambaye shi me ya iya ya ce yana nan yana koyo. Nhai ce ta tsayar da shi gaban madubi ta gyara shi gaɓa-gaɓa, bayan ta dawo daga shagon gyaran farce inda take aiki, ita da ta riƙe lissafin wani kamfanin jiragen ruwa a gida. Ya koyi kallon ƙwayar idon mutum. Ya koyi kiran shugaba da sunansa tsirara, ko da yake duk sanda ya yi sai ya ji kamar ya taka wa wani ƙafa. Ya koyi faɗin abin da ya gina ba tare da ya raba wa mutum goma ladan ba. Ya fara wuce matakin farko, da na biyu, har ana nuna masa inda teburinsa zai kasance. Saura abu ɗaya, wanda kowa ke ɗauka ba komai ba ne: a kira wani da ya san aikinka a ji ta bakinsa. Suna ɗaya yake bayarwa kullum. Bayan kiran kuma sai a ba shi haƙuri.

A tsakanin nan yana shagon kifin Kawu Lai a kasuwar Footscray, yana fitowa da asuba, yana kankare ɓawo da fasa ciki. Kawu Lai ba ya kiransa da suna. "Injiniya," zai ce in ruwan ƙanƙara ya malale a daɓe, "zo ka tare mana tekun nan kafin ya tafi da kwastoma." Tiep ya yi dariya ya ɗauko tsintsiya.

Ita Goggo Tam ba ta so ba su haya ba da farko. Ita 'yar kudancin ƙasar tasu ce, daga Rach Gia, kuma ba a jirgin sama ta fito ba. A cikin jirgin kamun kifi ta fito bayan yaƙi, da jaririya a ƙirji, tana jiƙa mata leɓe da ruwan sama. Harshen 'yan arewa a kunnenta harshen mutanen da suka ci yaƙin suka shigo garinsu da lasifika ne. Da ta ji shi a bakin ƙofarta ta riga ta shirya cewa an kama ɗakin. Amma mutumin ya tuɓe takalmi, ya harɗe hannuwa a ƙirji ya gaishe ta, ya hango hoton mijinta a kan teburin magabata, ya nemi izinin kunna masa turaren tsinke kafin a yi maganar ɗaki. Ta ba shi makulli tana jin haushin kanta.

Mijin nata, marigayi Phat, mai haɗa magunguna ne a Rach Gia, mai shago da sunansa a kai. A nan kamfanin taya ya yi wa aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Kullum cewa yake zai zauna jarrabawar masu magani da zarar Turancinsa ya ɗan zauna. Littattafan na nan a ƙasan kabad, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Amma zama da shi ya koya mata fuskar namijin da ya samu dalili mai mutunci na ƙin gwadawa, ya rungume shi kamar filo. Shi ya sa faɗan da ta ji ta bango bai bar ta ta ƙarasa tsinkar ganyenta cikin natsuwa ba.

Ranar Lahadi 'yarta Diem ta zo, jaririyar jirgin nan, yanzu babbar mace mai aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani asibiti. Goggo Tam ta dafa kifi a tukunyar ƙasa, ta ƙwanƙwasa allon da gindin ludayi, wanda shi ne katin gayyatarta. Ba ta nuna ta ji komai ba. Nhai ce da kanta ta zazzage maganar tun kafin a zuba shinkafa, har da sabon labari: wata hukumar ruwa a wani garin bakin teku can yamma ta kira Tiep, sun gana, sun so shi ƙwarai, aikin ma irin nasa ne sak, ganuwa da magudanu. Sun ce cikin mako mai zuwa za su kira mai shaidarsa. Sunan Malam Hoan ya sake ba su.

Diem ta ajiye tsinken cin abincinta. Harshen gida a bakinta irin na yarinya ne da muryar babba, don haka ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta ce a nan in mai shaida ya ce mutum na da gaggawa, ana rubuta cewa yana da gaggawa. Ba mai zuba shayi ya ɗaga shi. Ita kanta in ta kira wani ya ɗan yi jinkiri kafin ya ce madalla, jinkirin take rubutawa.

"Irinsu ɗaya da Mama," ta ce. "Ranar da na gama jami'a, maƙwabta sun zo murna, ta ce musu wannan ko ƙwai ba ta iya soyawa ba."

"Har yau kin iya ne?" in ji Goggo Tam.

Aka yi dariya, har Tiep. Diem ta ce abin mai sauƙi ne: ya rubuta wa tsohon abin da zai faɗa, layi uku, ya karanta musu. Tiep ya dube ta kamar ta ce ya je ya ja wa Malam kunne. Ya ce cikin ladabi, ƙanwata, ɗalibi ba ya sa wa malaminsa magana a baki, balle maganar ta zama yabon kansa. Nhai ta ce to ga Thoa, abokiyar aikinsa da suka yi ganuwar ƙarshe tare, Turancinta garau, kuma ta san yadda ake yi. Ya ce ƙofar ofishin Thoa na kallon ta Malam. Kafin ta ajiye waya labari ya tsallaka. A tsallake malami a nemi shaidar tsarar mutum, daidai yake da a ce malamin ya mutu alhali yana zaune.

"To mu fa?" in ji Nhai. "Mu da muke zaune?"

Ya cire ƙaya daga tsokar kifi mafi kyau ya sa mata a kwano. Ta ci, amma ba ta dube shi ba.

Kwana biyu bayan haka Goggo Tam ta same shi a bayan gida. Ya dawo daga kasuwa, ya tsuguna yana gyara mata hanyar ruwa a gindin rumfar garahuni, inda ruwan bazara ke kwanciya ya ruɓar da saiwa. Ba wanda ya sa shi. Ya haƙa 'yar siririyar kwata, yana gwada gangarenta da kofin ruwa, yana kallon yadda yake tafiya da irin kallon da wasu ke yi wa jariri. Ta jawo bokiti ta kife ta zauna.

Ta fara da labarin Phat, kamar hira ce kawai. Shagon, da kamfanin tayar, da littattafan da ke ƙasan kabad. Ta ce mutane na yaba masa, suna cewa ya sadaukar da kansa saboda iyali, shi ma har ya yarda. Ita kaɗai ta san cewa ranar da aka buɗe rajistar jarrabawar ya sa kwat ya fita, ya zagaya ginin, ya dawo da lemo.

"Ɗana, zan tambaye ka abu, kada ka ce tsohuwa ta cika shisshigi. Kai ne kake kare mutuncin Malam, ko Malam ne yake kare ka?"

Ya ci gaba da kallon ruwan. Ta ce muddin tsohon na kayar da shi a waya, ba ranar da zai tsaya gaban Turawa a ɗakin taro ya buɗe baki su ga iyakarsa. Ya faɗi, amma ba laifinsa ba ne, kuma kowa zai ce ga ɗan halak mai riƙon amana.

Can ya ce, "A shagon kifi ba wanda ke cewa in maimaita, Goggo." Ya ce a intabiyu, duk sanda wani ya karkato kai ya ce bai ji ba, sai ya ji duk shekarun da ya yi a bakin teku sun zube ƙasa, ya koma ɗan mai fito da ke ɓoye yunwa a aji. Ya faɗi haka yana murmushi, ya ƙara zuba ruwa a kwatar.

Ta koma ciki tana ganin ta gano bakin zaren: tsoro ne. Tana wanke hannu kuma wani tunani ya zo mata wanda ba ta gayyata ba. In ya samu aikin nan, garin bakin tekun za su koma. Ba mai gyara kwata, ba mai amsa gindin ludayi. Allon zai yi shiru kamar shekarun da suka biyo bayan Phat. Ba abin da ake nema daga gare ta don su zauna, illa ta kama bakinta, kuma ba wanda zai taɓa cewa ta yi laifi. Ta tsaya da hannu a jiƙe tana auna abin, ta ga ya yi mata daɗi fiye da yadda ya kamata. Ta ɗaga kai ta dubi hoton mijinta. Shi ma irin shirun da ta yi masa ke nan, tana kiransa haƙuri.

Ranar malamai ta faɗo cikin makon, ashirin ga Nuwamba, ranar da duk wanda ya taɓa zama a aji yake neman malaminsa da furanni, na nesa kuma ya kira. Goggo Tam ta san Tiep ba zai tsallake ta ba. Da la'asar ta ji shi ta allo yana tambayar Nhai ina farar rigarsa. Ta ƙwanƙwasa, ta ce su zo nan kicin su yi kiran, haske ya fi, kuma ita ma tana so ta gai da mutumin da ya yi wa ɗan hayarta tarbiyya. Dabararta mai sauƙi ce. Abin da ƙarami ba zai iya faɗa wa babba ba, tsoho na iya faɗa wa tsoho. Ta girmi Malam Hoan, ta riga ta bincika.

Aka jingina wayar da kwalbar ruwan kifi, irin wanda suke sa wa miya. Fuskar ta fito: siririn dattijo mai farin gashi a kwance, da tabarau, bayansa furanni jibge har saman kabad, ana jin hayaniyar ɗalibai a tsakar gida. A can tsakar rana ce. Tiep ya miƙe tsaye, ya harɗe hannuwa, ya yi gaisuwar da ake yi, ya yi fatan lafiya da tsawon rai. Nhai ta gaisar a taƙaice. Sannan ya gabatar da uwar ɗakinsu.

Malam Hoan ya kira ta Yaya, ya gode mata da ta jure zama da wannan sakaran yaron nasa. Ta ce ai yaro ya yi, hannun da ya rene shi ya iya reno. Suka taɓa maganar ciwon gwiwa, da yadda kifin can ya fi na nan zaƙi. Harshensa na arewa bai dame ta ba yadda ta zata. Daga nan ta gyara zama.

Ta ce ita jahila ce, ɗinki ta yi duk rayuwarta, amma ta daɗe a ƙasar nan ta ɗan fahimci mutanenta. Ba su da zurfin ciki irin namu. In ka ce ɗanka sakarai ne sai su tausaya maka su yarda. Ta ce ta san Malam saboda kunya da kawaici yake rage wa yaron daraja in sun kira, kamar yadda kowane uba na gari zai yi, amma su ba su san wannan ba. Za su sake kira cikin kwanakin nan. Da Malam zai daure, sau ɗaya, ya yi rashin kunyar yabon nasa.

Ta gama tana jin daɗin yadda ta jera maganar, ba inda ta taɓa girmansa. Tsohon ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Yaya, na yi shekaru ina karatu a Holan. Na rubuta wa ɗalibai shaida sun tafi Japan, sun tafi Jamus. Na san abin da Turawa ke son ji."

Ya faɗi maganar ne a sanyaye, kamar mai ba da labarin yanayi. Ya ce bai yi wa kowa ƙarya ba, yaron na da gaggawa. Wanda ba shi da gaggawa ba ya barin ganuwa a rabi ya hau jirgi. Ya ce in mutanen can ba sa so, ba a rasa inda ake so ba.

"Teburinsa na nan kusa da taga. Ban bar kowa ya zauna ba."

Sai ya juyo da idonsa kan Tiep, murya ta canza ta koma ta yau da kullum. Ya ce ya rame, ba ya cin abinci ne? Kuma wannan wane irin aski ne. Wani ya kira shi daga waje, ya ce baƙi sun yi yawa, a gai da gida. Fuskar ta ɓace, ta bar su da kwalbar ruwan kifi.

Nhai ce ta fara tashi. Yadda ta mayar da kujera ya isa magana. Tiep ya ɗauki wayar da hannu biyu, ya yi wa Goggo Tam godiya, ya bi matarsa.

Goggo Tam ta zauna inda take. Ta shiga maganar ne da niyyar wayar da kan tsohon da bai san duniya ba, ashe ita ce ba ta san komai ba. Ba kawaici ba ne. Mutumin ya san inda yake sara, ya ɓuya a bayan al'ada yadda Phat ya ɓuya a bayan iyali, kuma ita ta janye labulen a gaban matar yaron, a ranar malamai. Ta kasa kunne tana jiran faɗan da zai fi na farko, har tana shirya abin da za ta ce in ta ji fashewar kwano.

Ba faɗa. Ba ƙarar famfo ma. Can sai ta ji muryar Tiep, ba ƙasa-ƙasa ba wannan karon, yana gaisawa da wata a waya cikin harshen gida. Thoa. Ya tambayi yaranta, ya faɗi abin da yake nema ba tare da kewaye ba, ya ce a'a, ba sai ta ɓoye ba, in Malam ya tambaya ta faɗa masa. Sannan wani kiran, zuwa hukumar ruwan, da Turanci, a hankali, kalma bayan kalma kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Goggo Tam ba ta da Turanci mai yawa, amma ta tsinci sunan Thoa, ta tsinci na Kawu Lai, ta gane yana cewa a canza sunan mai shaida. Daga ɗaya ɓangaren aka ce wani abu. Ya tsaya. Ta san wannan tsayawar; an ce ya maimaita. Ta riƙe bakin tebur.

Ya maimaita. Aka sake cewa wani abu, ya sake maimaitawa, har da harrufan sunan ɗaya bayan ɗaya.

Rana ba ta faɗi ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kicin ta waje. Ya canza farar rigar, yana riƙe da kwanon da ta zuba musu sauran kifi ranar Lahadi, da 'yan lemo a ciki don ba a mayar da kwano wayam. Ya ce zai leƙa gidan Kawu Lai ya gargaɗe shi, kada Turawa su kira ya ce musu injiniyan ya ƙware a tsintsiya. Ya ce bai san ko za su ɗauke shi ba. Mai yiwuwa canza suna a ƙurarren lokaci ya sa su zargi wani abu. Amma dai ya yi.

Ta karɓi kwanon. Ta ce ya yafe mata, bakinta ne ya yi tsawo, da ta san abin da tsohon zai faɗa da ba ta tona ba. Ba daɗi mutum ya ji irin wannan daga wanda ya ɗauka uba.

"Ni nake riƙe masa jaka in baƙi sun zo daga Holan, Goggo," ya ce. "Na san Turancinsa. Tun kiran farko na san ba kuskure ba ne."

Ta dube shi da kyau. Duk lissafinta na bayan gida, na tsoro da ɗakin taro, ta ga gaskiya ne amma ba shi ke nan ba. Akwai wani abu a ƙarƙashinsa da bai ba ta ba ranar, ya bar ta da wanda ta zo nema.

"To me kake jira duk tsawon nan, ɗana? Kifi ne bai ishe ka ba?"

Ya sunkuya yana sa takalmi. Ya ce ranar da ya je sallama, Malam ko kai bai ɗaga daga takarda ba, cewa kawai ya yi a sauka lafiya, kamar wanda za shi kasuwa. Ya ɗaure igiyar, ya miƙe, ya riƙe ƙofar. Fuskarsa ba ta mai baƙin ciki ba ce, abin da ya fi ba ta mamaki ke nan.

"Tun ina ɗalibi nake bayansa, bai taɓa ce min na yi daidai ba, ko sau ɗaya. Yau kin ji shi da kunnenki, Goggo. Ya ce bai bar kowa ya zauna ba."